Malam Amani Mai Rumbu da Ƙwaryar Gidan Maraya

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi Malam Amani a shekara ta 1228 bayan Hijira, daidai da 1813 Miladiyya, a ƙauyen Gidan Maraya, cikin ƙasar da ake kira Dakoro a yau. Sunan mahaifinsa Zakariya'u, mahaifiyarsa kuwa Hawwa'u. Zakariya'u shi ne mai rumbun gari, wato amintaccen da jama'a ke damƙa wa geron zakka da na tsimi a lokacin kaka, ya adana shi har bazara, sa'annan ya raba wa mabukata. Bai iya rubutu ba, lissafinsa duka ƙulli ne a jikin igiyar kaba.

Fitinar shekara ta 1241

Al'adar garin tun kaka da kakanni ita ce a shigar da gero rumbu da damma, a fitar da shi da ƙwarya bayan sussuka, kuma kowa ya ɗauka cewa dami ɗaya ƙwarya biyar ne, ko ruwa ya yi ko bai yi ba. A shekara ta 1241 aka shigar da dami ɗari huɗu, mutane suka sa rai da ƙwarya dubu biyu, amma da aka sussuke sai aka sami dubu ɗaya da ɗari biyu kacal. Babu wanda ya tsaya bincike. Aka tuhumi Zakariya'u da cin amana, aka ƙwace shanunsa bakwai, aka tuɓe shi a gaban jama'a. Ya kwashi iyalinsa ya yi arewa wajen Tagriss, inda abokinsa Samba, wani Bafillace makiyayi, ya ba su masauki. A can baƙin ciki ya kashe shi bayan shekara biyu, bai bar wa ɗansa gadon komai ba sai igiyar nan. Tun daga lokacin, shekara talatin cur, babu mahaluƙin da ya raɗa wa ɗansa suna Zakariya'u a Gidan Maraya, in ban da Amani kansa.

Karatunsa da aikinsa na farko

Amani ya sauke Alƙur'ani yana da shekara goma sha tara, sa'annan ya tafi wajen malaman Gobir ya karanci fiƙihu da ilimin rabon gado, inda ya ƙware a hisabi ƙwarai. A shekara ta 1254 ya shiga hidimar wani madugun fataken gishiri a matsayin magatakarda, ya yi shekara takwas yana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Fatake sun shaide shi da tsanani. An ce ko wuri ɗaya na kuɗi ya ɓace ba ya tashi daga tabarma sai ya gano inda ya shige, har suna yi masa ba'a cewa zai iya ƙirga gashin raƙumi in an bar shi.

Komawarsa gida da tsarin da ya kafa

A cikin shekara ashirin da suka biyo bayan korar mahaifinsa, mutum huɗu suka riƙi rumbun, kowane kuwa da rigima ya sauka, har magidanta suka fara ɓoye zakkarsu a gida. A shekara ta 1262 Maigari Sa'adu, wanda da bakinsa aka yanke wa Zakariya'u hukunci tun yana matashin sarauta, ya rasa yadda zai yi, ya aika a kira Amani. Hawwa'u ta hana shi, tana cewa wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Ya ba ta haƙuri, ya ɗauko ta suka dawo tare.

Bai karɓi aikin ba sai da sharuɗɗa. Ya zaɓi ƙwarya guda, ya sa maƙeri ya yi mata lamba da wuta, ya ce ban da ita babu awo. Ya wajabta cewa kowace kaka, kafin a rufe rumbu, a zaro dami goma a sussuke a gaban shaidu, a rubuta abin da dami ya bayar a wannan shekara. Takarda biyu ake yi, ɗaya a gafakarsa, ɗaya a hannun liman. Ga waɗanda ba su karatu, ana tsaga kara biyu bayan an yi masa zane, mai gero ya riƙe rabi, rumbu ya riƙe rabi. Ya kuma raba aikin: mai karɓa daban, mai fitarwa daban, kuma ba a fasa yumɓun bakin rumbu sai mutum uku suna tsaye. Dattawa sun yi ta gunaguni cewa wannan wahala ce kawai da rashin yarda da mutane, kuma gaskiya Malam Amani ba mutum ne mai sauƙin sha'ani ba.

Aurensa

A shekara ta 1264 ya auri Rahamatu, jikar Samba, domin riƙe zumuncin da aka yi wa mahaifinsa. Da ta haifi ɗan fari, ya raɗa masa Zakariya'u. Ranar sunan mutane ƙalilan ne suka halarta.

Shekarar fari da wanke mahaifinsa

A shekara ta 1272 ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke ɗaukar ido. Dami ɗari uku da tamanin aka shigar, kuma da bazara ta yi, yunwa ta matsa, aka sussuke aka sami ƙwarya dubu ɗaya da ɗari da arba'in. Masu lissafin biyar-biyar suka ce saura ɗari bakwai da sittin. Magana ta bazu a rijiya da kasuwa cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, har wasu suka fara ƙirga shanunsa.

Ranar Juma'a bayan salla Malam Amani ya nemi liman ya karanta takardar kaka. Aka ji cewa dami goman gwaji ƙwarya talatin suka bayar, wato uku-uku, da sunayen shaidu shida waɗanda duk suna zaune a wurin. Aka buga lissafi, ya fito daidai, ko ƙwarya ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. Daga nan ya zaro igiyar mahaifinsa daga gafaka ya miƙa wa Maigari Sa'adu, ya roƙi a ƙirga ƙullin. Aka sami ɗari huɗu a gefen shiga, dubu ɗaya da ɗari biyu a gefen fita: uku-uku, babu ragi babu ƙari. Tsofaffi suka tuna cewa a waccan shekarar ma haka ruwa ya ɗauke, zangarniya ta yi tsawo babu ƙwaya. Maigari, yana tsoho tukuf, ya miƙe da sanda ya shaida wa jama'a cewa sun zalunci bawan Allah, ya nemi gafara. Waɗanda suka halarta sun ce a ranar suka fara ganin haƙoran Malam Amani.

Gari ya haɗa shanu bakwai aka kai wa Hawwa'u, wadda a lokacin ta makance. Ta ce a mayar da su rumbu, ita buƙatarta ɗaya ce, a ambaci sunan mijinta a masallaci a yi masa addu'a. Aka yi hakan Juma'a uku a jere. Ta rasu da damina mai zuwa, hankalinta kwance.

Ƙarshen rayuwarsa da rasuwarsa

Malam Amani ya ci gaba da riƙon rumbu shekara ashirin da takwas bayan haka ba tare da an sake jin rigima ba, kuma ƙauyuka da dama na kewaye sun aiko a auna musu ƙwarya da tasa. A shekara ta 1300 ƙarfinsa ya ragu, ya ajiye aiki. Allah Ya yi masa rasuwa ranar Litinin, tara ga Rajab, shekara ta 1304, yana da shekara saba'in da shida, aka yi masa sutura aka binne shi kusa da mahaifiyarsa bayan sallar azahar. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Ya bar matarsa Rahamatu da 'ya'ya biyar: Zakariya'u, Mariama, Sallau, Aisata da Ma'u. Babban, Zakariya'u, shi jama'a suka damƙa wa ƙwarya da rumbu da bakinsu ɗaya, kuma cikin waɗanda suka ɗauki makarar Malam Amani akwai samari huɗu na gidaje dabam-dabam masu suna Zakariya'u.