Sunan da Kailu Ya Kira a Bakin Isa

Kailu Badje taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa halal ne, ko alƙali ba shi da ta cewa. Dogo ne siriri, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Shekara talatin da ɗaya ya yi a Yamai yana buga takardun haihuwa da katin shaida a tafireta, da yatsu biyu kacal, yana kuma tinƙahon bai taɓa ɓata sunan kowa ba. In ka ce masa sunanka Amadu, sai ya sauke tabarau ya tambaye ka, da Ha a farko ko babu. A wurinsa abin da takarda ta ce shi ne mutum. Ni da na gudu daga makaranta a aji biyar, har gobe rabin mutum yake ɗaukata.

Ran Lahadi kuwa wani Kailu ne daban. Da an sallame asuba zai ɗaure sandar fatsa a babur, da tsohon gwangwanin fenti da yake zama a kai, mu kama hanyar Bubon, can bakin kogin Isa. Mu huɗu ne: ni, shi, wani tsohon jandarma da ke ɗaure zaren fatsarsa a babban yatsan ƙafa ya yi ta minshari, sai aminin Kailu, Bonkano mai gyaran agogo, wanda asalinsa ɗan Bubon ɗin ne. Ba don ci muke yi ba. Sarkawa in sun wuce a jirgi sukan dube mu da tausayi, wani lokaci har su jefo mana karfasa biyu don kada matanmu su yi mana dariya.

Amma in ana maganar ilimi, ko su Sarkawan sai su zauna su ɗauki karatu. Kailu ya rantse babu abin da tarwaɗa ke so kamar hanjin kaza wanda ya kwana biyu a rufe, irin wanda in ka buɗe shi ungulun Tilaberi sai sun taso. Bonkano kuwa sabulu yake yankawa ƙanana, yana cewa tarwaɗa 'yar gayu ce, ƙazamai ne kawai ba su sani ba. Kullum sai sun yi wannan gardamar, kullum kuma kurungu ɗan tsito ne ke zuwa ya raba su. Dokokin Kailu sun fi na gwamnati yawa. Kada inuwarka ta faɗa ruwa. Hannun da ya taɓa fetur ba ya taɓa tana sai an cuɗa shi da laka. In jan ruwan damina ya zo, ka jefa kusa da ciyawar burgu, in baƙin ruwan sanyi ne, giwan ruwa na bayan duwatsu. In kifi ya tsinke maka, ka faɗi girmansa sau ɗaya ka tsaya a kai. Wannan ta ƙarshe saboda ni aka yi ta, don na taɓa rasa wani wanda da ya yi tsalle sai da kogin ya ragu da taƙi guda.

Doka ɗaya ce ba ta Kailu ba. Bonkano ne ya zo da ita tun ranar farko, ya ce daga bakin uwarsa ya ji: ba a kiran mutum da sunan yanka a bakin Isa. Abin da ke ƙasa yana saurare. In ya riƙe suna, wata rana zai kira mai shi da muryar wanda ya sani. Babu wanda ya ce ya yarda, babu kuma wanda ya karya. Aikin raɗa sunayen bakin ruwa sai ya faɗo hannuna, tunda Allah ya hore mini baki. Kailu ya zama Tafireta. Jandarma ya zama Sarkin Barci. Su kuma suka sa mini Rediyo. Bonkano kuwa a ranar wani kifi ya fizge shi ya faɗa ruwa ta ka, ya fito da ciyawa a kunne, na ce masa barka da fitowa daga ciki, Yunusa. Kowa ya kwashe da dariya. Shi sai ya tsaya yana kallona ruwa na ɗiga daga gemunsa, sai da tamu ta ƙare sannan ya yi tasa. Shekara goma sha ɗaya yana amsa wannan suna.

Abin ya faru lokacin baƙin ruwa, da hantsi, muna cikin cin kopto, wato kwaɗon zogale, da matar Kailu ta ƙullo mana. Sandar Kailu ta lanƙwashe har ƙasa. Giwan ruwa ne, na ga bayansa da idona, kuma yau ba zan ƙara masa ko taƙi ba. Ya ja zaren ya zagaya dutse ya maƙale. Bonkano ya naɗe wando ya shiga don ya kwance, tunda shi ɗan gari ne, ya san wurin. Ni ina daga tudu ina yi masa kirari, ina cewa shiga abinka Yunusa, ai cikin kifi gidanku ne. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Can Kailu ya hango ruwan yana juyawa a gabansa kamar ana dama fura, ya miƙe tsaye.

"Bonkano, dawo!"

Bonkano ya waiwayo. Waiwayen ke nan. Bai yi ihu ba, bai ɗaga hannu ba, kamar wanda aka buɗe wa ƙofa a ƙasa. Sai bayan kwana biyu Sarkawa suka same shi kusa da Yamai.

Liman ya ce kwana ne ya ƙare. Sarkawa suka ce akwai rami a wurin tun kakanninsu. Kailu ya saurari kowa ya yi godiya, amma shi ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Da hannunsa ya taɓa buga wa Bonkano sabon katin shaida, ya san harafin sunan ɗaya bayan ɗaya. Shi da bai taɓa ɓata sunan kowa ba, ya ɗauki sunan amininsa cikakke ya miƙa wa kogi. Bayan sadakar bakwai Sarkin Barci ya gan shi tsaye a kan dutsen nan shi kaɗai, yana faɗa wa ruwa sunansa da na ubansa har sau uku, a hankali, yadda ake faɗa wa mai bugawa.

Bai daina zuwa Lahadi ba, abin da ya fi damuna ke nan. Zai zauna a gwangwaninsa, ya ɗaura dalma, ya jefa zare babu ƙugiya. 'Yar ƙararrawar da Bonkano ke maƙalawa a bakin sandarsa ya ɗaure ta a wani kara ya kafa a gefensa. Ya daina cin kifi. Ya daina kiran sunan kowa ko a gari, matarsa ta koma "ke", jikokinsa "kai wancan". Na zage shi duk zagin da taubashi ke da iko da shi, na ce ya rame har sauro na ba shi sadaka, na ce na sayar da shi ga Buzaye sun dawo da shi. Da can sai ya rama har da riba. Yanzu sai ya ce, "Haka ne, Rediyo," idonsa na kan ruwa.

Duk rani in kogi ya janye, mukan bi shi da kayanmu, in ya dawo mu ja da baya. A shekara ta huɗu jan ruwa ya fara hawa, Kailu bai ja gwangwaninsa ba. Lahadin farko ruwa na lasar yatsunsa. Ta biyu ya rufe idon sawu. Na ce masa ko wanki yake yi. Ya ce a'a, daga nan ya fi jin maganar sosai. Na tambaye shi wace magana. Ya ce ai muryar aminin nasa ba ta canja ba ko kaɗan, har ɗan kaurin nan na mai shan taba.

Ran Laraba na hau babur na tafi kasuwar Bubon neman Dommo, yayar Bonkano, tsohuwa mai ginin tukwane. Nufina in roƙe ta ta zo da bakinta ta ce masa sun yafe. Na same ta a tsakiyar randuna, na gaishe ta, na kwashe labari duka na faɗa mata, ban ƙara gishiri ba. Ta saurara tana kankare laka daga farcenta. Da na zo wurin kiran sunan sai ta ɗago.

"Wane suna ya ce ya kira?"

"Bonkano, Yaya."

"To ai wannan ba suna ba ne. Innarmu ce ta laƙaba masa, da shi aka kai shi makaranta, da shi aka yi masa takarda. Ran suna da liman ya faɗi na gaskiyan, Inna kuka ta yi, ta ce yaron da za a raina a bakin ruwa ba a sa masa wannan. Ta hana kowa faɗa. Shi kansa sai da ya yi kaciya aka raɗa masa a kunne."

Na tambaye ta sunan. Ta waiga wajen kogi, ta ga da nisa, duk da haka sai da ta rage murya.

"Yunusa."

Ban san yadda na dawo Yamai ba. An ce na sayi randa, ga ta nan a gida, ban tuna ba. Abin da nake ta gani shi ne mutum tsaye da ciyawa a kunne yana kallona. Ya sani. In ya hana ni a bakin ruwa, ya tabbatar wa kogi. In ya hana ni a gari, ya san bakina, kafin la'asar har masu sayar da goro sun ji. Sai ya zaɓi ya yi dariya, ya yi ta amsawa.

Lahadin da ta biyo ban je ba, ƙarya na yi na ce ciki ke damuna. Wadda ta bi mata na je. Ruwa ya kai wa Kailu ƙwauri, gwangwanin har yana motsi a ƙarƙashinsa. Sarkin Barci, wanda tun da nake ban taɓa ganin idonsa biyu da hantsi ba, yana zaune a tudu ya zuba masa ido. Na tuɓe takalmi na shiga na tsuguna kusa da shi. Na ce Tafireta, takardarka ta yi ƙarya. Na faɗa masa abin da Dommo ta ce, sai dai sunan ban furta ba, na rubuta masa da yatsa a tafin hannu, da irin rubutuna na aji biyar.

Ya daɗe yana kallon tafin kamar tawada ce a kai.

"Shekara nawa kana kiransa?"

"Sha ɗaya."

"Har da ranar."

"Har da ranar. Ni na riga ka."

Ƙararrawar nan ta ɗan yi ƙara a kan karanta, ruwa ne ke kaɗa shi, na gaya wa kaina.

"Nawa kuma fa?" ya ce. "Ni da bakina na ba shi, har sau uku."

Ban shirya wa wannan ba. Bakin ne kawai ya yi aikinsa. Na ce kogin da aka yi shekara goma sha ɗaya ana kai masa suna duk mako kafin ya duba, ai ma'aikacin ofis ne irinka. Takardarka tana can ƙasan tuli, an ce ka dawo gobe.

Wani abu ya fito daga ƙirjinsa kamar tari. Sai da ya maimaita na gane dariya ce, ta yi tsatsa don rashin aiki. Ya ce shi a ofishinsa takarda ba ta taɓa wuce kwana uku ba, jahilin banza, bawan gidansu. Rabon da ya zage ni shekara huɗu. Ya miƙe, ya ɗauki gwangwaninsa ya hau tudu har gindin goruba, ya zauna yana matse ƙafar wando. Sannan ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, ya ce in ba shi ƙugiya, ƙarama, kuma kada in kuskura in taɓa ta da wannan hannun nawa mai warin fetur.

Kurungu ya kama a ranar, ɗan tsito, yana ta gurnani a hannunsa. Ya kai shi kunne ya saurara, ya ce wannan Rediyo yake nema. Ni kaɗai ne ban yi dariya ba.

Bana shekara bakwai ke nan da ya faɗa wa ruwa sunansa. Yana zuwa duk Lahadi, ya yi ƙiba har ana iya ganinsa ta gefe, kuma da sabulu yake kamun tarwaɗa yanzu, ko da yake ya ce gwaji ne kawai. Ƙararrawar ya ciro ta daga kara tun ranar, ya sa mini a aljihu, ya ce ni ya kamata in riƙe. Wani malamin makaranta ya shigo cikinmu bara, ya ce a raɗa masa sunan bakin ruwa kamar kowa. Kailu ya dube ni, na sunkuya ina gyaran dalma. Har yau "kai malam" muke ce masa.