Firji da Dutsen Guga, Soket Ɗaya

Mai Guga ake ce mata, har sunanta na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Tun tana amarya take guga. Da dutsen gawayi ta fara, tana hurawa har idonta ya yi ja, daga baya ta samu na wuta. Kayan 'yan makaranta, kayan ma'aikata, zannuwan gado, duk a kan teburin nan nata mai gajeriyar ƙafa, wanda take tokarewa da kwali. Da gugar nan ta raini 'ya'yanta har suka watse gidajensu, da ita kuma ta riƙe gida lokacin da ciwon sukari ya sauke mijinta daga mota. Direban babbar mota ne shi. Ciwon ya ci masa ido, ya zama sai kwanciya a uwar ɗaka, rediyo a kan ƙirji, yana mitar batir ba ya daɗewa.

To, ɗaki biyu suke haya, falo da uwar ɗaka, soket kuwa ɗaya ne tal, can ƙasa a bayan firji. Firjin nan ba don ƙawa aka ajiye shi ba. A ciki ruwan allurar Direba yake zama, wanda likita ya ce in ya sha zafi ya tashi daga aiki. Sai ya zamana in za ta yi guga, ta durƙusa, ta zura hannu bayan firji, ta cire shi ta jona dutse. In ta gama ta sake durƙusawa ta mayar. Ta taɓa sayo irin wayar nan mai baki da yawa, dutse ya narkar da ita, gida ya cika da ƙauri. Haka ta yi ta yi shekara da shekaru, gwiwa na ƙara, baya na ciwo.

Wata rana ana zafi kamar me, kaya suka yi mata yawa. Ta goge, ta ninke, ta ɗora a ka ta kai wa masu su. Ta dawo ko takalmi ba ta cire da kyau ba barci ya kwashe ta. Sai washegari ta buɗe firji, ɗumi ya bugi fuskarta. Ta ɗaga kwalbar allura, ruwan ya canja kama, ya yi gudaji-gudaji.

Ba ta gaya wa Direba ba. Me za ta ce? Mutum na kwance, ka ƙara masa da tunani? Cewa ta yi magani ya ƙare. Amma a ranta ta yanke, sai an ƙara soket kusa da teburinta, firji ya zauna da nasa har abada.

Ta je wa mai gidan hayar. Ya yi ta jan rai, sannan ya ce, "Inna, bangon nan da kike gani fenti ne ya riƙe shi. Sau ɗaya tak zan yarda a fasa miki. In aka sake taɓa shi, ku nemi wani gidan."

Ta je wa mai wayarin. Gobe, jibi, gata. Bai tashi zuwa ba sai ranar da take can asibiti a layi, tana jiran sabon magani.

Ya yi sallama, Direba ya amsa daga ciki.

"Baba, ina za a sa?"

"Me ta ce maka?"

"Cewa ta yi a ƙara soket, shi ke nan."

Direba ya yi murmushi. "Allah sarki, baiwar Allah. Ita ba ta faɗa, sai dai ka ga aiki. Ta gaji da jin kukana na batir. Shigo, ɗana. Nan, daidai kaina."

Da la'asar ta dawo, ƙafa a kumbure, magani a cikin ƙanƙara a leda. Tun daga ƙofa ta ga ƙura, ta ga layin ɗanyen siminti ya tashi daga bayan firji, ya wuce teburinta ko kallonsa bai yi ba, ya shige uwar ɗaka. Rediyo kuwa sai ihu yake.

"Tsohuwa, kin dawo? Ji murya tangaran! Ashe kina da wayo haka?"

Ta juya ta tarar da mai wayarin a tsakar gida yana wanke hannu.

"Kai ɗan nan, wa ya ce maka can?"

"Mama, maigida ne ya nuna. Ni zan yi musu da mutum a kan gadonsa? Siminti ma ya fara kamawa."

Ba ta da ƙarfin faɗa. Ta koma ciki ta zauna a bakin gado, ta gaya wa Direba komai: cirewa da jonawa, mantuwar da ta yi, maganin da ya lalace. Can ya lalubi bango da hannu, ya zare wayar rediyon da kansa.

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"Kai ma ai ba ka tambaya ba."

"Duk shekarun nan durƙuso kike?"

"To da wa yake yi, Malam? Aljanu?"

Bango ba ya sake fasuwa, sai dai firji ya bi soket. Ta kira maƙwabciyarta. Suka fitar da kabad falo, suka tura gado ya manne da bango, Direba na zaune a kansa yana ba da umarni kamar mai juya babbar mota a lungu.

"Ku karya dama! Dama na ce!"

"Baba, kai da ba ka gani, ina ka san dama?" in ji maƙwabciya, tana haki.

Ƙofa ta yi ƙanƙanta, sai da suka kwance murfin firjin. Suka ja, suka tura, ya kankare fenti, ya murje wa Mai Guga ɗan yatsa. Da ƙyar ya shiga ya tsaya a gefen gado, daidai inda take sauko da ƙafa in ta tashi. Suka mayar da murfin, ta jona shi, ta sa magani, ta tsaya da tafin hannu a ciki har ta ji sanyi ya fara zuwa. Sannan ta rufe.

Ta fito falo, ta zame ta zauna a ƙasa, ta jingina da kabad. Ga kayan mutane tuli a kan tebur, na gobe da safe.

"Tsohuwa," in ji Direba daga ciki, "abin nan gurnani yake mini a kunne."

"Bar shi ya yi."

"Haka zai yi ta yi?"

"In ka ji ya yi shiru, ka kira ni."

Ta miƙa wa maƙwabciya hannu. "Kama ni in tashi, 'yar nan. Ni kaɗai ba zan iya ba."