Mun Je Obi Kallon Banɗaki

Muna sallame sallar asuba muka bar unguwarmu Bukan Sidi a garin Lafiya, ni da kawuna. Masan gidanmu ya cika, ya fara tsiyaya cikin rijiya, har gudawa ta kwantar da yara. Aka ba mu labarin wani manomi a bayan garin Obi da ya kafa banɗaki mai tace ruwansa da kansa. Kawu ya ce sai ya gani da idonsa.

A tasha aka cusa mu gaban mota, buhun doya a kan cinyata. Hanya ba laifi, sai dai direban bai yarda akwai rami a duniya ba. Da aka tsaya, Kawu ya sayi nono wajen wata Bafulatana, ya bi shi da dafaffiyar gyaɗa. Na ce ya yi a hankali. Ya ce cikinsa ba irin na yaran zamani ba ne.

Kafin mu isa gumi ya fara keto masa. Manomin, wani dattijo ɗan ƙabilar Alago, ya tarbe mu zai fara bayani.

"Malam, bayani daga baya," in ji Kawu. "Ina ƙofar?"

Da ya fito sai murmushi yake. "Wallahi ko wari babu!"

Dattijon ya zagaya da mu baya. Ruwan ƙazanta yana ratsa yashi da gawayi, injin sola ya mayar da shi tanki, sauran kuma ya bushe ya zama taki.

Kawu ya ɓata rai. "Da wannan ruwan kuke alwala?"

"A'a, Alhaji. Na kora masai ne da ban ruwan lambu. Buta kam, ka zo da taka."

Aka kawo tuwo da miyar alayyafo. Kawu na ci yana santi, sai dattijon ya nuna lambu, ya ce takin banɗakin nan ne ya yi ganyen. Lomar Kawu ta tsaya a iska. Can ya kai ta baki.

"To ai na zuba nawa jarin ɗazu."

Da la'asar muka dawo Lafiya. Washegari Kawu da kansa ya sa aka rufe tsohon masai, muka fara neman mai kafa mana sabo, nesa da rijiya. Na gane cewa abin da muke jin kunyar ambata shi ne yake kwantar mana da yara. Yanzu kuwa a majalisa, in Kawu ya ɗauko zancen banɗaki, sai dai masu cin abinci su tashi.