Abin da Kowace Tsohuwa Ta Sani

A Damagaram da na sani, har Agadas da Kumasi inda na yi zama, gwani ba ya yabon hannunsa. Ka yaba wa maƙeri, sai ya ce, "Ai ba komai, kowa ma ya iya." A New York kuwa, irin wannan magana rubuta ta ake yi a ajiye.

Ina da aboki, mutumin Damagaram, na girme shi nesa. Lantarki ya karanta a Yamai, amma jakunkuna yake sayarwa a Canal Street. A ɗakinsa na Concourse Village ya shekara shida yana fama da batirin haidurojin, mai haɗa iska iri biyu ya ba da wuta, ya bar ruwa. Ruwan ne matsalar: in ya taru, sai batirin ya shaƙe. Shi kuwa ya ƙera wani faranti siriri mai tsotse ruwan yana fitar da shi a hankali, yadda sabuwar randa ke tsatsafo.

Ya nemi rajistar ƙirƙira, don doka ta san abin nasa ne. Jami'in da ke duba takardun ya so a yi magana ta waya. Turancin abokina bai nuna ba, sai lauyarsa ta ce in zo in yi tafinta.

Jami'in ya tambayi yadda dabarar ta zo masa.

"Alhaji, gaya masa ba wani abu na yi ba," in ji abokina. "Kowace tsohuwa mai ginin tukwane a garinmu ta san wannan."

"Malam, haka zan faɗa?"

"To, so kake in cika baki gaban baƙo?"

Na faɗa yadda ya faɗa. Na ga lauyar ta ajiye biro ta runtse ido.

Aka ƙi ba shi rajistar. Wai abin a fili yake, duk masanin fannin zai iya haɗa tsoffin dabaru biyu ya kai gare shi. Ya ɗaukaka ƙara, muka shekara uku muna jira. Ran Juma'a in mun fito masallaci ba na tambayarsa, girgiza kai kawai yake min daga nesa.

Alƙalan kotun suka tabbatar da hukuncin. Cikin dalilansu har da maganar tsohuwar, da Turancina, ba a canza ko kalma ba.

Ni na karanta masa takardar hukuncin. Da na gama, sai ya ce, "Gaskiya ka faɗa, Alhaji. Haka Allah ya so."

Bai sake ƙera komai ba. Ni ma daga ranar ban ƙara yi wa kowa tafinta ba.