Injin da ake taɓawa, ɗan'uwansa ya motsa

Shekarun baya, ni da abokina mun samu aiki a wani kamfanin abincin kaji da ke Sharaɗa. Mu muka rubuta manhajar da ke tuƙa injinsu na cika buhu, da yaren kwamfuta na C++. A cikinta mun yi amfani da abin da ake kira coroutine, wato aikin da zai yi mataki ɗaya ya dakata, sai an taɓo shi ya ci gaba. Abin taɓo shi kuwa handle ne, kamar mariƙi. A ɗora buhu, an taɓo shi ke nan, inji ya buɗe baki. Sikeli ya cika, an sake taɓo shi, ya rufe.

Da suka sayo inji na biyu, abokina ya ce, "Wannan ai ba aiki ba ne. Mu kwafi handle ɗin mu ba sabon." Na ce haka ne, har da gyara zama irin na masana.

Ranar gwaji, sabon inji ko motsi. Amma da an ɗora masa buhu, sai tsohon da ke can gefe ya buɗe baki ya yi ta kwararo dusa a ƙasa. Wani dattijo mai ɗinkin buhu ya ja baya yana salati, ya ce, "Injiniya, shin waɗannan tagwaye ne?"

Manaja bai yi dariya ba. Ya ce motoci na jiran lodi, in ba za mu iya ba a kira wasu. Abokina sai gumi yake. Ni kuwa, Allah ya gani, abin burge ni ya yi. Na roƙi dattijon, "Baba, don Allah ku sake ɗorawa mu gani." Ya ɗora wa sabon, tsohon ya rufe. Ya sake ɗorawa, ya buɗe. Bi da bi, ba kuskure.

Nan na sa manhajar ta nuna adireshin da kowane handle ke nunawa a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Lamba ɗaya ce sak. Ashe kwafar handle ba ta haifar da sabon aiki, mariƙi biyu kawai muka yi wa abu ɗaya, ko wanne aka taɓa tsohon inji ne ke yin mataki na gaba. Muka ƙirƙiro wa sabon inji nasa coroutine, kafin la'asar duka biyun na aiki.

Har yau in manhaja ta yi abin mamaki, ba na saurin kashe ta. Ina fara cewa a sake mu gani. Sai dai yanzu ina tambaya tukuna wa zai share ƙasa, don ranar nan manaja mu biyu ya miƙa wa tsintsiya.