Kwikwiyon Goggo Tasalla da Wa'adin Kwana Bakwai

Ku da kuka tarar da Goggo Tasalla kun san ba ta ɗaga wa dabba sanda. Magana take yi musu. In akuya ta ci mata kalwa, sai ta kama kunnenta, ta yi mata bayanin wahalar da aka sha kafin a dafa kalwar nan, ta ƙare da, "Na faɗa miki, kuma kin ji." In aka yi dariya ta ce, "Duk abin da Allah ya yi wa kunne yana jin Hausa. Ɗan Adam ne kawai yake ji ya ƙi."

Yayar surukina Malam ce. Da mijinta ya rasu a Dangora sai ta dawo gidan ƙanenta, a ƙauyenmu na bakin dajin Falgore, tana sana'ar daddawa. Wannan da 'yan shekaru ne kafin Turawa su tafi. A daminar da nake ba ku labari ina da cikin fari wata takwas, uwata tana can Bebeji, Goggo ce duk gatana, ita ce kuma za ta karɓi haihuwata.

Birai ne suka addabi gonar masararta. Har sau uku tana zuwa yi musu nasiha, suna saurarenta kowanne da goyon masara a hannu. Rannan sai ga ta ta dawo daga ruga da ƙwaryar nono a ka, da wani jan kwikwiyo ƙunshe a gefen zane.

Malam ya dube shi ya ce, "Yaya, kare a gidan da ake karatu?"

"Na gadin gona ne. Ko littafin ya hana?"

"Bai hana ba. Amma gona aka ce, ba tsakar gida ba."

"In kai shi yanzu shaho ya sure shi? Ya yi ƙwari tukuna."

Ta raɗa masa suna Ƙyale-su. Duk sanda Malam ya fara mita, sai ka ji ta daga madafa tana kiran karenta: "Ƙyale-su! Zo nan, Ƙyale-su!"

Muna ta dariya a ɓoye har kwana na uku, ranar da kwikwiyon ya lallaɓa zaure ya tsuguna a kan buzun sallar Malam. Buzun nan na mahaifinsu ne. Malam bai yi faɗa ba, kuma wannan shi ya fi ba mu tsoro. Ya shigo riƙe da buzun da yatsu biyu, ya ajiye a gabanta.

"Yaya, na ba shi kwana bakwai, daga gobe Asabar zuwa Juma'a. In ya sake ɓata ko taki ɗaya a cikin gidan nan, a kai shi daji a yar."

Goggo ta miƙe ta kira shi da sunansa na yanka, wanda ni ba zan iya faɗa ba. Ta ce, "Wallahi in ya fita, ƙafata ƙafarsa. Dangora ba ta tashi ba."

Goggo ba ta taɓa rantsuwa ta yi kaffara ba, Malam kuma ba ya magana biyu. Na dubi cikina, na dubi wannan ɗan abu da yake ta cizon jelarsa, na ce ashe haihuwata a hannunka take.

Tun daga ranar aka shiga makaranta. Ta huda 'yar kafa a dangar bayan gida, ta zuba toka a gindin wata tsamiya da ke waje, ta ɗauko shi ta nuna masa. "Nan ne bayinka. Can gidan mutane ne." Da ya farka daga barci sai toka. Da ya lashi koko sai toka. Ta koya mini alamunsa: in ya kafa hanci a ƙasa yana zagaye, to a sure shi a ruga. In ya yi a inda aka ce, ta ba shi ɗan ƙanzo, ta gaishe shi da aiki kamar wanda ya dawo daga noma. Ranar da aka yi ruwa na leƙa na gan ta tsugune, ta kifa masa ƙwarya a ka, ita kuwa ta jiƙe sharkaf tana cewa, "Yi a hankali, ba mai korarka."

Maigidana ya kawo shawara. Ya ce maharba sukan goga wa kwikwiyo hanci a cikin ɓarnarsa, sau ɗaya ya isa.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai da ka yi ta jiƙa mini tabarma har ka fara famfara, wa ya goga maka hanci?"

A gabana fa. Kwana biyu ba ya iya haɗa ido da ni.

Ran Laraba da hantsi na fito shara, sai na ga danshi a ƙofar ɗakin Malam, faɗin faifai. Na ɗebo ƙasa zan rufe, sai na ji an riƙe mini hannu.

"'Yar nan, ajiye. Ba zan ci shari'a da ƙarya ba."

"Goggo, in kika tafi wa zai zauna da ni?"

Na ga idonta ya kawo ruwa, amma ta ɗaga murya ta kira Malam. Ya fito ya tsaya a kan danshin. Ita kuwa ta durƙusa, ta dangwala yatsa ta sunsuna, ta sake sunsunawa. Sannan ta bi sawun danshin da ido har jikin bango, ta ɗaga butar alwalarsa ta ƙasa. Gindinta ya tsage, tana ɗiga.

"Malam, ita ma wannan kwana bakwai za a ba ta, ko yau za a kai ta daji?"

Ya karɓi butarsa ya koma ɗaki.

Sai ga Juma'a, ranar ƙarshe, komai ya haɗu ya cakuɗe. Wani kurkunu da ya fito wa Goggo a ƙafa ya fashe, ko taka ƙasa ba ta iya yi. Iskar jiya ta kwantar da dangar baya, maigidana ya gyara ta da safe, garin gwaninta ya ɗaure har da kafar kwikwiyo, ya tafi gona. Ga baƙi kuma, wani babban malami daga Tudun Wada da mutanensa, sun cika zaure, an shimfiɗa buzaye da tabarmi.

Bayan la'asar Ƙyale-su ya farka ya kafa hanci a ƙasa. Ya ruga wajen kafarsa ya tarar a toshe. Ya tona, ya yi kuka, ya fara zagaye. Na yunƙura in kama shi, amma mai ciki wata takwas ina ita ina kwikwiyo? Ya zille ya nufi zaure, inda ba ni da ikon shiga.

Goggo ta jawo jiki zuwa bakin ƙofarta, ta ce da kwikwiyon a hankali, "Kai dai ka san abin da na faɗa maka."

Na manna ido a jikin asabari. Ya shiga, hira ta tsaya cak. Ya taka gefen tabarma, ya sunsuni takalmin babban baƙo, ya tsaya daidai buzun nan na Malam, ya yi zagaye ɗaya. Na ga gumi a goshin Malam, carbinsa ya tsaya a hannu.

Baƙon ya tattare rigarsa ya ce, "Malam, kare?"

Malam ya janye ƙafarsa daga bakin ƙofa, ya buɗe hanya. "A gafarce shi, wucewa zai yi. Uzuri ne da shi."

Ɗan abin nan ya fice a guje. Malam da kansa ya miƙe, wai zai zubar da yawu, ya leƙa ta gefen danga har ya hango shi tsugune a gindin tsamiya. Da ya dawo zai zauna, sai ya ɗaga murya yadda za a ji a cikin gida: "A ce wa Yaya a ba shi ƙanzonsa."

Na zame na zauna a ƙasa ina kuka ina dariya. Goggo kuwa cewa ta yi, "To mene ne abin kuka? Ai tun farko mun yi magana da shi."

A hannunta na haifi 'yata, da uku bayanta. Da kaka kare ya koma gona. Shekarar da Goggo ta rasu ya riga ya tsufa, ba ya ko iya haushi, ya dawo yana kwana a gindin tsamiyar nan. Ba wanda ya sa Malam, amma kullum da yamma sai ya ɗauki sauran tuwonsa ya zagaya bayan danga, ya zuba masa, ya ɗan tsaya a wurin kafin ya dawo. Yakan dawo idonsa ja, mu kuma ba mu taɓa tambayarsa ba.

Allah ya jiƙan Goggo Tasalla, ya jiƙan Malam. Yadda ta tausaya wa marar baki, ya Ubangiji ka tausaya mata, ka yalwata kabarinta, ka sada mu da su cikin rahamarka. Amin.