Hannun Takwarata da Takardar Inshora

Ni ba mai yawo ba ce. Duk unguwarmu a Daura an sani, in ba a same ni a ɗaki ba ina madafi, in ba na madafi ina wurin awaki. Katsina ma sai da dalili mai ƙarfi nake zuwa, bikin na jiki ko gaisuwar rasuwa. Shi ya sa ranar da babban ɗana ya bugo waya daga Kaduna ya ce ya yanka mana tikitin Umra a hutun makaranta, shi da matarsa da 'ya'yansu biyu da ni, abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "To wa zai ba awaki dusa?" Ya yi ta dariya. Ya ce in an gama ibada za mu ɗan zauna a Jidda yara su ga teku, ni ma in gani. Na ce na ga tafki, ya ishe ni.

Ɗan fari ne, ba na kama sunansa, Baban yara nake ce masa. Babbar 'yarsa kuwa sunana aka sa mata, don haka su ma iyayen ba sa kama nata. Ni Takwara nake kiranta, ita kuma ta ce mini tsohuwa. Lokacin tana firamare, ga baki, ga ƙiriniya. In ta shigo gidan nan, gaisuwarta ita ce ta mintsine ni a damtse ta ce, "Tsohuwa, har yanzu kina nan?" In ce, "Ina nan, sai na ga aurenki da mai hanci kamar tulu."

Da suka iso Daura saura 'yan kwanaki jirgi ya tashi daga Kano, Baban yara ya baje takardu a tabarma yana nuna mini. Ga fasfo, ga biza, ga wata kuma da ya ce ta inshora ce, ejan ɗin da ya yi mana cuku-cukun tafiyar ne ya haɗa da ita. Na ce mece ce amfaninta. Ya ce in wani abu ya faru ya hana tafiya, ciwo ko makamancinsa, kamfanin zai mayar wa mutum kuɗinsa. Na ce Allah ya sa kada mu san amfaninta, na koma kan tsintar shinkafata.

A wurinmu ba a kama hanyar Makka ba a zaga dangi an yi sallama ba, a nemi gafara, a karɓi saƙon addu'a. Wanda ya fi kowa cancanta da wannan shi ne yayana da ke Dutsi. Shi ya riƙe Baban yara bayan rasuwar mahaifinsu, ya sayar da bijimi ya sa shi makaranta, ya tsaya masa a aure. Har yau in Baban yara zai yi masa magana sai ya durƙusa. Muka ɗunguma a mota muka tafi, damina ce, gero ya fara fid da kai a bakin hanya.

Maza suna zaure, mu muna cikin gida ana dama fura, yara suka fita waje. Akwai amalanken shanu da ya dawo daga gona da ciyawa, yaran gidan suka ɗare, Takwara ta bi su. Ba ta san yadda ake zama a kai ba. Shanu suka motsa, ta sulluɓo ta dafa ƙasa da hannun hagu. Da na ji ihun na san ba kukan tsokana ba ne. Kafin mu yafa mayafi mu fito, Yaya ya riga ya aika an kira maɗorin da ke bayan gidansa, wanda ya gaji ɗori daga ubansa, ya kuma ɗora rabin ƙasusuwan garin. Ni kaina ya taɓa gyara mini targaɗe. Ya lallatsa hannun, ya ce karaya ce a tsintsiyar hannu, ya ja, ya shafa man shanu, ya jera karan dawa ya naɗe da tsumma tamau, ya yi tofi. Ya ce kada wanda ya kwance sai ya zo da kansa bayan mako. Kowa ya yi godiya. Haka ake yi, babu wanda ya ga abin magana a ciki.

Sai dai na kalli fuskar surukata, uwar yarinyar. Ta buɗe baki, ta dubi Yaya, ta rufe. Mace ba ta tsayawa a gidan kawun mijinta ta ce a kai 'yarta asibiti bayan ya riga ya yanke magana, balle a kan 'yar fari da ake so uwa ta nuna kara.

Muka dawo Daura da yamma. Tafiya dai ta rushe, don Baban yara ya ce ba zai sa yarinya cikin cunkoson ɗawafi da karyayyen hannu ba, ba kuma zai bar ta ya tafi ba.

Washegari da hantsi ina shara, ya zauna a gindin darbejiyar tsakar gida ya kira kamfanin inshorar, ya buɗe muryar waya yadda ya saba. Wata yarinya ce ta ɗauka, mai ladabi, Hausarta irin ta birni.

"Sannu Alhaji, Allah ya ba ta lafiya. Wane asibiti aka kai ta?"

"Ba a kai ta asibiti ba, ɗorin gida aka yi."

"To Alhaji, sai dai a samo takardar likita da hoton ƙashi. Likita ne zai rubuta cewa ba za ta iya tafiya ba. Kuma a yi kafin ranar tashin jirgi."

"Maɗorin fa? In ya sa hannu?"

"Ranka ya daɗe, yana da hatimi?"

Na ce daga inda nake, "Yana da tofi." Yarinyar ta yi ƙoƙarin danne dariya ta ce, "Ina kwana Mama. Wallahi ba a karɓar tofi a wurinmu."

Da ya kashe wayar ya ce, "Inna, a bar maganar. In na kai ta asibiti kwance ɗorin za su yi. Da wane ido zan kalli Kawu? Kuɗi ne, Allah zai mayar."

Na ajiye tsintsiya na shiga ɗaki wurin Takwara. Tana kwance uwarta na yi mata fifita. Na tsaya a kanta na ce, "Raguwa, amalanke ma ya kayar da ke, ina ga jirgi?" Ba ta rama ba. Yarinyar da ko zazzaɓi take yi sai ta ce mini tsohuwa mai haƙori uku. Kukan ma ya sauya, jiya ihu take yi, yau wani siririn nishi ne ta hanci. Na kama yatsun da suka leƙo daga tsumman. Sun kumbura sun yi sumul, launinsu ya yi duhu, ga sanyi. Na ce ta motsa, ta ce ba ta jin su sosai. Surukata ta ɗago ido ta ce a hankali, "Inna, tun asuba nake kallonsu." Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan.

Na san in na fita na ce ɗorin ne ban yarda da shi ba, na zagi maɗori, na zagi Yaya da ya kira shi, Baban yara kuma zai tsaya tsakanin uwarsa da kawunsa yana jan lokaci, a ce a bari a gani zuwa gobe. Ana cikin haka sai ga sallamar Yaya, ya biyo motar kasuwa ya zo duba yarinya, da ƙwaryar nono a hannu.

Bayan an gaisa na zauna a gefen tabarmarsa na ɓata rai.

"Yaya, ka ji abin da ɗanka yake shirin yi? Wai zai bar wa kamfani kuɗin tafiyar nan gaba ɗaya."

"Wane kamfani?"

"Masu inshora. Sun ce sai an kawo takardar likita da hoto za su biya. Shi kuma wai kunyarka yake ji."

Yaya ya juya ya dubi Baban yara. "Kai, da gaske ne?"

"Kawu, ai maɗori ya ce kada a kwance."

"Ni dai," na ce, "ban ga dalilin da za a yi ta tara kuɗi shekara da shekaru a miƙa wa mutanen da ba su san zafinsu ba. Hoto ne fa kawai za su ɗauka. Ba mu muka ce ba, kamfani ne ya ce."

Yaya mutum ne da ya yi rayuwarsa a kasuwar shanu, daga Mai'aduwa har tsallaken Kongolam. Ya yafe zagi, amma ba ya yafe a cuce shi a ciniki. Ya buga sandarsa a ƙasa.

"Wato sun karɓi naka da hannu biyu, yanzu suna neman hanyar zillewa. Tashi ka kai ta a ɗauki hoton, ka kai musu su gani da idonsu. Maɗori ni zan yi masa bayani." Sannan ya harare ni. "Ke kuma tun kina yarinya kike da son kuɗi. Ko goro aka ba ki sai kin ƙirga."

Na ce, "A wurin wa na koya?"

Ni ma na bi su asibitin, karo na farko da na fita ba a roƙe ni ba. Nas ɗin da ta fara ganin hannun ba ta tsaya jin maganar takarda ba, ta ɗauko almakashi ta yanke tsumman nan take. Karan ya yi shaida a fata, wasu wuraren sun tashi ƙuraje masu ruwa. Likita ya zo, saurayi ne, bai yi faɗa ba. Ya duba hoton ya ce ƙashin kam an jera shi ba laifi, ɗaurin ne ya matse bayan hannun ya kumbura, jini ba ya kai wa yatsu. Ya ce gara da aka zo yau. Baban yara ya tambaye shi in da an bari fa. Ya ce, "Alhaji, tunda an zo, a bar wannan." Suka kwantar da ita suna lura da yatsun har kumburin ya saɓe, sannan suka sa mata nasu ɗaurin, farin nan mai tauri. Ranar da jirginmu ya tashi daga Kano muna ɗakin yara na asibiti, ina ɓare mata lemo.

Maganar inshora kuwa ta ja. A aika wannan, su ce a aika wancan. Likita ya rubuta gaskiya cewa an fara ɗorin gida, sai suka tsaya a kan wannan suna tambaya ko shi ya jawo kwanciyar. Baban yara ya koma wurin likita aka ƙara rubuta cewa karayar kaɗai ta isa hana tafiya. Yarinyar wayar nan har ta saba da mu, in ta kira sai ta ce a gaida Mama mai tofi. Gero ya nuna, aka yanke, aka ɗaure dammuna, sannan suka biya. Sun mayar da na Takwara da ƙanenta da iyayensu, ban da abin da suka zaftare. Nawa suka hana. Wai a takardarsu ni ba 'yar gidansa ba ce, gidana daban, lafiyata ƙalau, babu abin da ya hana ni tafiya ni kaɗai. Baban yara ya ji haushi ƙwarai. Ni kuwa na ce a gaya musu sun yi gaskiya, lafiyata ƙalau, sai dai ba su san ni ba.

Yaya har gobe in zancen ya taso cewa yake kamfani ne ya ɓata ɗori mai kyau saboda takarda, ya kuma ƙara da cewa ƙanwarsa ba ta barin kwabo ya kwana a hannun wani. Maɗorin ma ya yarda da haka, suna nan suna gaisawa da Baban yara lafiya lau. Surukata ba ta taɓa ta da maganar ba. Da sallah ta aiko mini da atamfa da turare, ta ce wa direban da ya kawo su ya ce mini na dusar awaki ne.

Umrar ba mu sake sa rana ba tukuna. Takwara ta shiga sakandare. Ƙaramin yatsanta na hagu bai cika lanƙwasawa ba, in sanyi ya yi takan ce yana mata tsami, sauran huɗun lafiya. Hutun da ya wuce da suka zo, ina zaune ina tankaɗe, ta lallaɓo ta bayana ta mintsine ni a damtse da hannun hagun. Har wurin ya yi ja.

"Tsohuwa, har yanzu kina nan?"

Na ce ina nan, ta zauna ta kama mini rariya.